Daga Kano Zuwa Dandalin Landan: Shekarar Farko Ta Digirgir A Kan Wasan Kwaikwayon Birtaniya

Na bar Kano a tsakiyar Satumbar 2024, na dawo ƙarshen Agustan 2025, bayan na kammala shekarar farko ta digirin digirgir a wata jami'a da ke Landan. Abin da nake nazari shi ne wasan kwaikwayon Birtaniya na wannan zamani, musamman wasannin da marubuta 'yan asalin Najeriya suka rubuta domin dandalin Landan. Tun da na sauka abokan aiki da ɗalibai ke tambayata yadda ake tafiyar da kuma abin da take ci, shi ya sa na ga gara in jera ta daga tushe.

Takarda ce ke fara tafiya kafin ƙafa. Jami'ar Birtaniya ba ta ɗaukar ɗalibin digirgir don kawai yana sha'awar fannin. Sai ya rubuta tsarin binciken da zai yi, ya kuma samu malamin da ya amince zai duba masa aikin. Don haka malamin ake fara nema: a karanta abin da ya wallafa, a rubuta masa gajeriyar wasiƙa mai nuna inda aikinka ya haɗu da nasa. Idan gurbi ya samu, jami'a za ta turo lambar da ake kira CAS, wadda sai da ita ake neman bizar ɗalibi. A lokacin kuɗin bizar fam 490 ne, kuɗin kula da lafiya kuma fam 776 a kowace shekara, kuma na dukkan shekarun karatun ake biya a dunƙule, fam ɗaya kuwa ya haura naira 2,000. Sai gwajin tarin fuka a asibitin IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja ko Legas, takardarsa wata shida take aiki. Wanda ba shi da cikakken tallafi dole ya nuna kuɗin makarantar shekarar farko da na zama, wato fam 1,334 sau wata tara ga mai zuwa Landan, an kuma ƙara adadin tun daga Janairun 2025. Kuɗin sai sun kwana 28 a jere a asusu. A nan mutane da yawa ke faɗuwa, domin da canjin ranar da ka tura takardar ake lissafi: idan naira ta zube a tsakani, ko aka ciri wani abu ko da na yini guda ne, sai a wayi gari kuɗin sun gaza. A ajiye rara mai kauri. Kuɗin makaranta na baƙo yakan ninka na ɗan ƙasa sau uku ko huɗu, kuma TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, saboda haka tallafin Commonwealth da na jami'o'in kansu ya kamata a fara bi, shekara guda kafin lokaci.

Daga Kano mota na bi ta Zariya zuwa Kaduna, da shingayen 'yan sanda da na sojoji da kowa ya sani, na hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Idu, na kwana Abuja. Jirgin safe ya kai mu Heathrow cikin awa shida da 'yan kai.

Layin masu fasfo irin namu ya ci kusan awa biyu. Jami'ar shige da fice tambaya uku ta yi mini: wace jami'a, me zan karanta, ina zan sauka. Takardun nan a jakar hannu ake riƙe su, kada a jefa su cikin akwati. A wajen kwastan kuwa, kilishi da man shanu da duk wani nama ko nono daga Najeriya ba sa shiga, ko da an ɗaure su da kyau. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji sun wuce ba magana. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly shi ne mafi arha, awa guda zuwa tashar King's Cross, katin banki kawai ake dangwalawa a ƙofa.

Masauki shi ne abu na farko da ke karya aljihu. Ɗaki guda na samu a kudancin Landan, cikin gidan da mu huɗu muke haɗa kicin da banɗaki, fam 750 a wata, kuɗin da a Kano zai kama maka gida sukutum na shekara. Doka ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar mako biyar, amma yawancinsu suna neman wanda zai tsaya maka, mazaunin ƙasar mai albashi, baƙo kuwa ba shi da shi, a lokacin sai a ce ya biya wata shida gaba. Cikakken ɗalibi ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, amma sai ya karɓo takarda daga jami'a ya kai musu da kansa, in ba haka ba takardar bashi za ta iso. Katin rangwamen jirgin ƙasa na matasa, wanda ɗalibi ko ya haura shekara 25 yana iya samu, yana rage kashi ɗaya cikin uku, kuma idan ma'aikacin tasha ya haɗa maka shi da katin Oyster na biyan kuɗin sufuri a Landan, rangwamen zai shafi jirgin ƙarƙashin ƙasa a lokutan da ba cunkoso. A lokacin bas fam 1.75 ne, ko ka sauya sau nawa cikin awa guda.

Zamana na farko da malamar da ke duba aikina shi ya sauya mini tsarin shekarar gaba ɗaya. Na shiga ina cewa Farfesa, ta ce in kira ta da sunanta kawai, abin da bakin Bahaushe ke daɗewa bai saba da shi ba. Ba a yin aji ko jarrabawar zango. Kusan sau ɗaya a wata ake zama, ka tura rubutu mako guda kafin ranar, bayan zaman kuma kai za ka rubuta abin da aka tsayar. Ta fara da tambayar me nake nufi da “zamani”. Wasu daga 1956 suke farawa, shekarar da aka nuna Look Back in Anger na John Osborne a gidan wasa na Royal Court. Wasu daga 1968, da aka soke tace wasanni. Wasu daga 1979, hawan Margaret Thatcher, wasu kuma daga tsakiyar shekarun 1990. Duk wanda ka ɗauka sai ka kare shi da hujja. Sannan ta tambayi me nake nufi da “Birtaniya”, tunda Sikotlan da Wales suna da nasu majalisun tun 1999, da nasu gidajen wasan. Tambayar ƙarshe ita ce ta fi nauyi: cikin wasanni goma sha biyun da na lissafa, nawa na taɓa gani a dandali? Ko ɗaya. Haka muke koyon wasan ƙasashen waje a jami'o'inmu, a littafi, kamar ƙagaggen labari. Ta ce littafin wasa rabin shaida ne, sauran rabin yana jikin 'yan wasa da haske da sauti da kuma 'yan kallo, kuma masu jarraba kundi za su nemi duka biyun. Daga ranar na ware wa tikiti kasonsa a kasafin wata, daidai da abinci.

Babban ɗakin karatu na British Library yana kan titin Euston, dab da King's Cross. Katin shiga kyauta ne, fasfo da shaidar adireshi kawai ake kaiwa. Jaka da riga mai nauyi a akwatin ajiya ake barin su, a zuba kaya cikin leda mai nuna ciki, biro ba ya shiga, fensir kaɗai. Harin da aka kai wa kwamfutocinsu a Oktoban 2023 ya sa a lokacin neman wasu takardu yana ɗaukar lokaci, don haka a aika tambaya kafin a je. Taska biyu ke da amfani ga mai wannan fanni. Ta farko ita ce ta ofishin Lord Chamberlain, babban jami'in fadar sarauta wanda tun daga 1737 har 1968 ba a nuna sabon wasa ga jama'a sai da izininsa. Na riƙe fayil ɗin wani wasa na shekarun 1960 a hannuna: ga rubutun da aka buga da tafireta, ga layukan da aka ja wa shuɗin fensir, ga rahoton mai tacewa yana lissafa kalmomin da za a cire, shafi da layi. Wasan Saved na Edward Bond, mai fitowar da samari ke jifan jariri, an hana shi izini a 1965, Royal Court ta nuna shi da sunan taron 'yan ƙungiya, aka gurfanar da su a kotu a 1966, bayan shekara biyu majalisa ta soke tacewar baki ɗaya. Wanda ya san aikin hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Jihar Kano ba zai ga takardun nan baƙi ba: addini, batsa, zagi da mutuncin masu mulki, su ne dai abubuwan da ake ja wa layi. Taska ta biyu ita ce ta bayan 1968, domin dokar da ta soke tacewa ta wajabta a ajiye kwafin duk sabon wasan da aka nuna. Ba kowa ya bi dokar ba, akwai giɓi, amma a nan ake samun wasannin da ba a taɓa bugawa ba.

Royal Court tana dandalin Sloane, kana fitowa daga tasha ga ta nan a gefenka. Zaure biyu ne, na ƙasa mai ɗaukar kusan mutum 400, da na sama wanda bai kai 100 ba. Ƙanƙantar na saman ta ba ni mamaki. A wannan ɗan ɗakin aka fara nuna Blasted na Sarah Kane a Janairun 1995, wasan da jaridu suka yi wa ca, yanzu kuma ake rubuta kundaye a kansa. Wole Soyinka ya yi aikin karanta wasanni a gidan a ƙarshen shekarun 1950. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, an nuna wasansa a nan a 1993, haka Gone Too Far! na Bola Agbaje a 2007. Ranar Litinin ake karya farashin tikiti, kuma nan da nan yake ƙarewa. A ƙofa ana sayar da littafin wasan da za ka kalla a farashi mai sauƙi, kuma a nan tarkon yake. An kai shi maɗaba'a tun ana cikin gwaji, har akan rubuta a ciki cewa yana iya saɓawa da abin da za a gani. Na bi wani sabon wasa da littafinsa a cinya: an zubar da kusan shafi biyu daga fitowa ta ƙarshe, an kuma ba wata 'yar wasa maganar da littafi ya ba wani. Ɗalibin da ya gina babi a kan shafukan nan biyu ya yi sharhin abin da ba wanda ya taɓa ji a dandali. Maganinsa shi ne ka rubuta a kundi wane bugu ka yi amfani da shi da kuma daren da ka kalla, sannan ka zauna ka rubuta abin da ka gani kafin ka kwanta, domin washegari rabi ya gudu. Hoto da ɗaukar murya haramun ne a zauren. Akwai kuma alamomin rubutu da ba a gane su sai an ji: karkataccen layin da Caryl Churchill ta yi fice da shi a Top Girls na 1982 yana nuna inda mai magana na gaba zai faɗo cikin maganar na farko. A takarda tsari ne mai tsafta, a dandali kuwa hayaniya ce irin ta mata a gidan biki, kowa na magana ba mai saurarar wani, kuma ma'anar tana cikin hayaniyar.

National Theatre, gidan wasa na ƙasa, tana bakin kogin Thames, da zaure uku. Duk Juma'a da ƙarfe ɗaya na rana suna sakin tikitin fam 10 a intanet na mako mai zuwa, cikin mintoci yake ƙarewa, kuma lokacin yakan ci karo da masallaci, sai ka roƙi abokin karatu ya kama maka. Amma taskarsu ta fi yi mini amfani, tana kan titin The Cut kusa da tashar Waterloo. Kyauta ce, sai dai a nemi rana tun da wuri. Suna da bidiyon wasanninsu tun daga 1995, a nan kuma ake kula da kundin wasannin baƙaƙen marubuta da aka nuna a Birtaniya. A nan na kalli Barber Shop Chronicles na Inua Ellams, haifaffen Jos, wanda aka nuna a 2017, wasan da ke yawo tsakanin shagunan aski na unguwar Peckham ta Landan da Legas da Akara da Kamfala da Harare da Johannasbag. 'Yan kallo zagaye suke da dandalin, kuma kafin a fara ana kiɗa ana jawo wasunsu su zauna a kujerar aski. Mai karanta littafin kaɗai ba zai san nauyin wannan ba. Na kuma nemi littafin mai kula da dandali: shafin wasa a gefe guda, a ɗaya gefen an jera da fensir lambar kowane sauyin haske da sauti, da zanen inda kowane ɗan wasa zai tsaya, ga gurbin gogewa inda aka sauya shawara. Bidiyon ma yana da nasa aibin, domin inda mai kyamara ya ga dama nan za ka kalla, kuma dare ɗaya ne cikin darare masu yawa. Sai an haɗa littafi da bidiyo da littafin dandali da sharhin jaridu kafin a ce ga abin da ya faru.

Hunturu ya zo da nasa lissafin. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu, sanyin kuma mai laima ne, yana ratsa ƙashi fiye da na hunturun Kano. Da bazara Magariba kan wuce ƙarfe tara, tsakiyar wasan da aka fara bakwai da rabi, sababbin wasanni da yawa kuma awa ɗaya da rabi ne ba hutu, wanda ya fita ko ya makara ba ya shiga. A duba tsawon wasa kafin a sayi tikiti. A duba kuma gargaɗin da gidajen ke wallafawa game da tsiraici da ashar da zubar da jini, domin wannan fanni ba ya kauce musu, kuma gara mutum ya san haka tun kafin ya zaɓi marubutan da zai shekara uku tare da su. Azumin 2025 ya faɗo a Maris, ana shan ruwa wajen ƙarfe shida, dabino da ruwa a jaka sun wadatar kafin a buɗe ƙofa. Cefane a titin Rye Lane na Peckham nake yi, inda doya da garin rogo da manja da naman halal suke a jere. A can na haɗu da wani dattijo Bahaushen zangon Kumasi da ya ji ina waya. “Malam, daga ina?” Na ce Kano, Baba. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ce, “To, ai Peckham ɗin da suke nunawa ga ta nan, ka zauna shagon aski ka ji da kunnenka.” Na bi shawararsa, ta kuma gyara mini fahimtar yadda Turancin 'yan Najeriya da na 'yan Jamaika ke cuɗanya a bakin samarin unguwar.

Wanda zai yi hira da marubuci ko darakta sai ya samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a tukuna, da takardar amincewa da mutumin zai sa wa hannu. Izinin kan ɗauki makonni, kuma hirar da aka yi kafin ya fito ba ta shiga kundi, komai daɗinta. A Yuni na shiga tantancewar da ke tabbatar da ɗalibi a matakin digirgir, domin da farko a matakin MPhil, wanda ke ƙasa da digirgir, ake rajista. Na miƙa babi guda mai kalma kusan 10,000, da tsarin sauran babobi da jadawalin aiki, malamai biyu da ba masu duba ni ba suka yi mini tambayoyi na awa guda. Sun ce wasanni goma sha biyu sun yi yawa ga kundin da ba zai wuce kalma 100,000 ba, na rage zuwa shida. Takardun Royal Court kuwa suna hannun gidan tarihi na Victoria and Albert, wanda ya kwashe shekaru yana ƙaura da kayansa, sabon rumbun nasu da ke gabashin Landan sai ƙarshen Mayun 2025 aka buɗe shi, don haka babin da ya dogara da su na tura shi shekara ta biyu.

A Agusta na yi arewa. Na tsaya Manchesta domin Royal Exchange, zauren ƙarfe da gilashi da aka dasa a tsakiyar tsohuwar kasuwar auduga, 'yan kallo kewaye da 'yan wasa ta kowane ɓangare. Nan take na tuna dandalin ginin ƙasa na sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, da kuma yadda ake yi wa 'yan tashe da'ira a ƙofar gida. Abin da suke ɗauka sabon salo mu da shi muka tashi, kuma ɗalibinmu yana da idon karanta irin wannan dandali tun daga gida. Daga nan sai Edinbara, lokacin bikin Fringe da aka faro a 1947, inda ake nuna dubban wasanni a coci da ɗakin taro da ƙarƙashin gini. Gidan Traverse shi ne matattarar sababbin rubuce-rubuce, tun da safe ake fara wasa. Masauki a watan yana tsada ƙwarai, gado ɗaya a ɗakin mutum takwas na kama na kwana uku, na ga wasa tara, na koma Landan a bas ɗin dare mai awa tara da wani abu saboda ya fi jirgin ƙasa arha nesa ba kusa ba.

Kafin in taso na tabbatar bizata ta intanet tana haɗe da lambar fasfona, domin katin zama na roba ya daina aiki tun ƙarshen 2024, kuma da wannan ake duba mutum idan zai koma. Nauyin akwatina kusan duk littattafan wasa ne, talatin da ɗaya, kowanne da ranar da na kalle shi a bangon ciki da gyare-gyaren fensir a gefen shafi. Na sauka Abuja da asuba ana ruwa, na kama jirgin Idu zuwa Rigasa, La'asar ta yi mini a Kwanar Dangora.